Hantar Malam Shiru

Yalwawa, Dutse.

Zuwa ga Uwata, Rakiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki kin sauka Kano lafiya, kin sami ɗaki, kin sa wani abu a cikinki. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya raba ki da sharrin mutum da na aljan, ya sa kin shiga wannan makaranta ta koyon aikin jinya a sa'a.

Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, tuwo ɗaya muke ci, sai ga shi kin buɗe akwati kin tarar da wasiƙa kamar daga wata ƙasa. Na so in zaunar da ke in faɗa da baki. Sau uku na kira ki a satin nan, sau ukun ina ƙarewa da aikenki sayen goro, har Innarki ta tambaye ni ko sadaka zan yi da shi. Bakina ya yi shekara goma yana riƙe da maganar nan, ya saba, ya ƙi buɗewa. To ga biro. Ina rubutu ne bayan la'asar, gobe da safe za ki tashi. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ubanki duk rayuwarsa ranar tafiya yake fafe nasa, kuma na gaji da wannan hali.

Shekaranjiya da hantsi ina zaure, na jiyo ki da Innarki kuna ninke kaya. Kika ce, "Inna, ni fa tsoro nake ji. In aka miƙo mini allura fa, ko jariri? Ni da hannuna ba ya taɓa abu ya bar shi lafiya. Zan dai je in yi sati biyu saboda Baba, in na ga ba zan iya ba in dawo." Sai na ji takun Innarki. Fitowa ta yi ta tsaya a ƙofar zaure da zaninki a hannu, ta dube ni ta ce, "Malam, ka ji ko? Maganarka ce, ko kalma ɗaya ba ta yar ba. Ko ka gaya mata, ko in gaya mata. Amma ka sani in ni na faɗa, ba kai ka faɗa ba."

Shi ya sa na zauna. Ki yi haƙuri da ni, zan fara daga nesa, don ban san yadda ake faɗa daga kusa ba.

Kin san Malam Shiru, mutum-mutumin robar nan da ke jingine a kusurwar ɗakina, mai buɗaɗɗen ƙirji, wanda ake nuna wa ɗalibai kayan cikin ɗan Adam da shi. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda ya zo. Shekarar da ta biyo bayan ba mu jiha, Dutse ba ta da ofisoshin da za su ɗauki ma'aikatan da aka turo daga Kano. Duk inda aka ga ɗaki mai ƙofa da taga sai a zuba tebur da kujera. Makarantar sakandaren da nake aiki ma ba ta tsira ba. Aka karɓe ɗakin kimiyya aka mai da shi ofis, aka rarraba kayan ciki a gidajen malamai. Ni kuwa kin san matsayina, mataimaki ne a ɗakin kimiyya, mai wanke kwalabe da jera su. Ana cikin haka wani babban kwali ya iso daga ma'aikata. Da aka buɗe sai ga gangar jikin mutum ta roba, babu komai a ciki, ga kai daban, ga huhu, zuciya, hanta, saifa, tumbi, hanji da ƙoda, kowanne a ledarsa, da 'yan kwalaben gam irin mai kama yatsa. Malamin da ke koyar da wannan fanni an yi masa canjin wuri, ba a turo wani ba. Shugaban makaranta ya dube ni ya ce, "Malam Ilu, za ka iya haɗa wannan?"

Ban ko leƙa cikin kwalin sosai ba na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ba aiki ba ne."

Kuskurena na farko ke nan, kuma duk sauran a cikinsa suka fito. Shekara goma sha biyu ina wanke kwalabe ba wanda ya taɓa tambayata ko zan iya wani abu, ranar da aka tambaye ni sai kaina ya kumbura. Akwai ɗan littafin bayani a kwalin, da hotuna ƙanana. Na dube shi na ga rubutun ba Turancin da na sani ba ne, sai na ninke shi na tokare ƙafar tebur da shi don kada ya yi mini rawa ina aiki. Uwata, a inda za ki, za a tambaye ki ko kin iya. In ba ki iya ba ki ce, "Ban sani ba, a nuna mini." Za ki ji kunya ta minti ɗaya, wata ma za ta yi miki dariya. Ki bar ta ta yi. Ni na guje wa kunyar minti ɗaya, ga ni yau da furfura ina rubuta wa 'yata wasiƙa.

Na kai kwalin gidanmu na kwatas, na kafa gangar jikin a kan tebur, na tsaya a gabanta muna fuskantar juna. Na san hanta a dama take, wannan kam na ji malamai suna faɗa ba sau ɗaya ba. Sai na ɗaga hannuna na dama, na sa hantar a wajen da yake. Ban tsaya na yi tunanin cewa wanda ke fuskantarka, damarsa ita ce hagunka ba. Hantar ta ƙi zama. Na tura, ta turo. Maimakon in tambayi kaina dalili, sai na ce Turawan da suka yi ta ne ba su iya awo ba. Na ɗauko reza na aske gefenta har ta shiga. Na mai da tumbi da saifa ɗaya ɓangaren, su ma da 'yar askar. Sannan na juye gam kamar mai zuba mai a miya, don ina ganin yawansa shi ne ƙarfinsa. Kafin magariba na gama, yatsuna uku sun manne da juna, ina ta murna.

Ki riƙe wannan da kyau, don aikinki ne kai tsaye. Damar majinyaci ba damarki ba ce. Kafin ki sa alama a jikin mutum, ki zagaya ki tsaya a inda yake, ki dubi inda yake duba. Kuma in abu ya ƙi shiga inda kike tura shi, kada ki fara zarginsa. Sau da yawa shi ne mai gaskiya.

Malam Shiru ya zauna a ɗakinmu wajen shekara guda. In za a yi darasi sai in saɓa shi in kai aji, in nuna wa ɗalibai da kaina tunda babu malamin, in dawo da shi. Ɗalibai ne suka raɗa masa sunan, wai shi kaɗai ne malamin da ba ya duka. Ke kuwa kina shekara bakwai zuwa takwas, kin mai da shi ɗan'uwa. Kullum da safe sai kin ɗauki tsumma kin goge shi, kina gaishe shi, kina tambayarsa ya ya kwana. Ke kika fara haddace sunayen kayan cikinsa kafin 'yan aji uku. Tun a lokacin nake cewa a raina wannan yarinya asibiti za ta.

Innarki ce ta fara ganewa. Bayan Babbar Salla ne, ta gama gyaran kayan cikin rago, ta shigo da kwano, ta tsaya ta ƙura wa Malam Shiru ido. Ta ce, "Malam, ni dai ban yi boko ba, amma shekara nawa ina tsaye ana feɗe rago. In an kwantar da shi, ba a wannan gefen hanta take ba. Ko mutum daban yake da dabba?" Na ce mata, "Ke da ko aji ɗaya ba ki shiga ba, ki tsaya a kan tukunyarki." Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ta fita. Ba ta sake tayar da zancen ba, kuma kin san Innarki, in ta yi shiru ba wai ta yarda ba ne. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa nawa har da kunne biyu. A asibiti za ki tarar da tsofaffin mata masu shara da masu jinyar 'yan'uwansu, waɗanda ba su san ko harafi ɗaya ba. In ɗayarsu ta ce miki, "'Yar nan, numfashinsa ya sake," ki ajiye takardar hannunki ki je ki duba.

Sai aka aiko cewa masu duba makarantu za su zo daga ma'aikata. Shugaba ya ce a fito da duk kayan kimiyya a jera a ɗakin taro, Malam Shiru a gaba, kuma shi da kansa zai zo da motar makaranta ya ɗauke shi da safe. Ana gobe za su zo, maganar Innarki ta dawo mini. Na durƙusa na zaro ɗan littafin nan daga ƙarƙashin ƙafar tebur, na buɗe hoton. Ko minti ɗaya ban yi ba na gane. Shekara guda ina koya wa 'ya'yan mutane ciki a juye. Na ga kaina tsaye gaban baƙi ana nuna ni da yatsa.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. In je in sami Shugaba in ce na yi kuskure, a ɗauke shi daga jeri, a ba ni sati guda. Ban yi ba. Bayan la'asar kuna wajen suna a maƙwabta ke da Innarki, na rufe ƙofa, na ɗauko wuƙar yanka albasa. Na cusa ta ƙarƙashin hantar na banƙara. Gam ɗin nan da na juye ya riƙe kamar ba zai saki ba har tashin duniya. Na sake cusawa, na sake. A karo na uku ta ɓalle, amma ba a kan gam ta rabu ba, robar ce ta yage, rabi a hannuna, wani ɓalli a manne a jiki, ga haƙarƙari biyu sun tsage. Na zauna a ƙasa ina kallon ɓarnar da na yi. Gam ya ƙare, kwalaben duk sun bushe. Sai na mai da hantar inda take, na tokare ta da tsinken ashana biyu, na daidaita haƙarƙarin yadda in ba a taɓa ba ba za a gane ba. Na ce a raina in ta faɗi a mota sai in ce hanya ce.

Ba ta jira mota ba. Da safe Shugaba ya yi sallama, na fita na shigo da shi. Muna shiga ɗakin muka tarar da ke da tsummanki, kin zo ki goge Malam Shiru don ya je gaban baƙi da tsabta. Tsumman na taɓa shi, hantar ta faɗo, haƙarƙarin suka biyo ta. Har yau ina jin ƙarar faɗuwarta a kan siminti, ƙara ce 'yar ƙarama. Shugaba ya ce, "Subhanallahi! Wa ya yi wannan?" Kika dube shi, kika dube ni, idonki ya ciko, kika ce, "Ni ce."

Uwata, a nan ne. Duk abin da na rubuto a baya hanya ce ta zuwa nan. Ina da lokacin da zan ce, "Ranka ya daɗe, ba ita ba ce, ni ne." Har na buɗe baki zan faɗa. Sai na ga Allah ya kawo mini mafita a ɓagas, na karɓa. Ban tsaya a shiru ba ma. Don Shugaba ya ƙara yarda, na daka miki tsawa na ce, "Ke dai hannunki ba ya taɓa abu ya bar shi lafiya!" Kika saki tsumman kika fita da gudu.

Kin san abin da ya fi ci mini rai? Shugaba dariya ya yi ya ce, "Aikin yara ne, Malam Ilu, kada ka doke ta." Aka lulluɓe Malam Shiru da zani aka bar shi a gida. Masu dubawar suka zo, suka sha lemo a ofis, suka leƙa aji biyu, suka hau mota. Ba wanda ya tambayi mutum-mutumi. Na sayar da 'yata a kan abin da ba wanda ya zo saye.

Innarki ta ga wuƙarta da ɓurɓushin jar roba a baki tun a ranar. Ta ce, "Malam, ka gaya mata." Na ce, "Yarinya ce, gobe ta manta." Ba ki manta ba. Yaran kwatas sun ji tsawar, suka raɗa miki Taɓa-ɓata, sunan ya bi ki har firamare ta ƙare. Kika daina karɓar aiken ƙwai. Kofin shayi sai da hannu biyu. Da aka haifi ƙanenki Nura, kowace yarinya a layinmu ta goya shi ban da ke, kina tsaye daga nesa kina yi masa wasa da hannuwanki a baya. Ina gani, ina kau da kai. Duk shekarar da ta wuce sai maganar ta ƙara nauyi, sai in ce bari sai ta ƙara hankali. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni na taka nawa, na ɗora shi a kan 'yar shekara takwas.

Ba ni da bakin yi miki nasiha a kan wannan, amma zan yi, don ba ni da wani abin ba ki. Ranar da kika yi kuskure a wurin aiki, kuma za ki yi, ki faɗa a ranar, da bakinki, kafin a tambaya. In kin ba da magani ba daidai ba, ki ruga ki faɗa wa babbarku tun ana iya gyarawa. Kuma in kin ga laifinki yana shirin faɗawa kan wata da ba ta kai ki ƙarfi ba, mai shara ko sabuwar ɗaliba, kada ki karɓi wannan sauƙin. Na ɗanɗana shi, ba sauƙi ba ne.

Wata biyu bayan zuwan masu dubawar na ɗauki hantar da gangar jikin a bayan keke na kai kasuwar Shuwarin, wurin wani tsoho mutumin Aujara mai liƙin bokiti da takalman roba. Baba Mai-liƙi ake ce masa, Allah ya ji ƙansa. Ya karɓi hantar ya jujjuya ya ce, "Kai malam, wa ya yi wa wannan aika-aika? Kura ce ta ci ta rage?" Na ce, "Yarinya ce ta yar." Ya shafa ƙasanta da babban yatsa, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ikon Allah. Yarinyar taka da wuƙa take yawo?" Na kau da kai. Shi kuwa bai ƙara ba, ya dai ce wa mai shayin gefensa ya ɗora masa ruwa.

A wurinsa na koyi aikin da ya kamata in koya tun farko. Ya ce, "Roba ba ta son wuƙa, malam, ruwan zafi take so. Ba wanda ya tafasa ba, wannan sai ya lanƙwasa maka ita. Wanda ya fara kuka a buta." Ya zuba a baho, ya tsoma wajen da ɓallin ya manne, ya ce in karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya kada in yi sauri. Kafin in gama robar ta yi laushi kamar ƙullin alkaki. Bai ja ba, murɗawa ya yi a hankali, dama, hagu, sai ga ɓallin ya saki da kansa, gam ɗin ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Abin da na yi yaƙi da shi da wuƙa har na yi ɓarna. Haka ya cire tumbi da saifa, ko ƙwarzane babu. Sannan ya zauna yana kankare tsohon gam da bayan reza, ƙiris ƙiris, har na ƙosa na ce a shafa sabo a kai mana. Ya ce, "Sabon gam ba ya kama kan tsoho. Zai yi kamar ya kama, ranar da kake buƙatarsa ya sake ka." Ya bar su suka bushe, ya gwada kowanne a mazauninsa ba gam, ya sa alama da fensir, ya ɗiga gam kamar ƙwayar gero, ya ɗaure da robar tayar keke. Inda na aske da reza ya ɗumama ya miƙar da shi gwargwado, ya tsoma a ruwan randa don ya tsaya a haka. Ya ce kada in taɓa sai gobe war haka.

Na koyi gyaran roba a ranar, amma ban ɗauki darasin ba. Shekarun nan duk sabon gam nake shafa miki a kan tsoho. Takalmin Salla da ya fi na kowa, kuɗin makarantar da ban taɓa bari ya makara ba, kiran Uwata da nake yi har ana yi mini tsiya. Duk ina so su rufe abin da ban kankare ba. Shekaranjiya na ji gam ɗin ya saki.

Akwai abu ɗaya da na yi daidai, bari in faɗa don kada ki ɗauka ubanki bai taɓa dacewa ba. Shekarar da aka fara shari'a, magana ta taso a kan Malam Shiru. Wasu iyaye suka ce siffar mutum ce, bai kamata a ajiye a makaranta ba, wasu suka ce kayan karatu ne. Sabon shugaban da muke da shi a lokacin ya tambayi wani malami a gari, aka ce masa in an cire kan ba laifi. Wani matashin malami ya zo da zarto zai yanke. Na ce ya dakata, na ɗora buta. Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, na murɗa, kan ya fito lafiya lau, na naɗe shi a tsumma na sa a kwali. Ba a yi faɗa ba, darasi bai tsaya ba. Daga baya aka kawo manyan hotunan bango, aka ce tsohon ya gama aiki a jefar, na roƙa aka bar mini shi. A Kano za ki haɗu da masu zafi a kan abin da ya halatta ga mace a asibiti da abin da bai halatta ba. Kada ki zaro musu wuƙa. Ki saurara, ki tambayi masu ilimi, ki ba magana lokaci ta yi laushi.

Yanzu ki saurare ni a kan hannunki, don ni na ɓata masa suna, ni ya kamata in ba da shaida. Bara da ƙusa ta soke ni a gona ƙafata ta kumbura, wa ya yi wata biyu yana wanke ciwon safe da yamma? Ma'aikacin asibitin da ya duba ya tambaye ni wa yake ɗaure mini, ya ce ko su sai haka. Na ce masa 'yata ce, amma da na dawo gida ban gaya miki ba, don yabon zai tono wancan zancen. Ranar da ƙayar kifi ta maƙale wa Nura a maƙogwaro, Innarki na salati, ni ina neman takalmi, ke kika zaunar da shi kika ciro ta, hannunki ko rawa bai yi ba. Sai bayan an gama kika tuna ke Taɓa-ɓata ce, kika mai da hannuwan baya. Na gani, Uwata. Duk na gani.

A ƙasan akwatinki, gefen dama, damarki ke in kina fuskantarsa, akwai ƙulli a cikin tsohuwar hulata. Hantar Malam Shiru ce. Yau da hantsi da kika tafi sallama gidan Gwaggonki na ɗora buta na cire ta. Ki juya ta ki dubi ƙasanta a wurin haske. Za ki ga layin da Baba Mai-liƙi ya haɗa, a gefensa kuma shatin wuƙa guda uku, masu zurfi, ɗaya kusa da ɗaya. Ki sa yatsa ki shafa. Tsumma ba ya yin wannan. Yarinya 'yar shekara takwas ba ta yi wannan ba. Ni na yi, ana gobe masu dubawa za su zo, da wuƙar albasar Innarki, kina gidan suna.

Ki yafe mini. Ban ce ki yi yau ba, ni na ɗauki shekara goma, ba ni da ikon yi miki gaggawa. In kin yi fushi ki yi, hakkinki ne. In kuma bayan sati biyun kin ga aikin ne ba kya so, ki dawo, gidanku ne, ba wanda zai ce miki don me. Amma kada ki dawo saboda hannunki. Hannunki bai taɓa yin laifin komai ba.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko ba ya yi miki daɗi, ki kula da wa za ki yi ƙawa. Innarki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki yajin yana cikin gwangwanin madara, kada ki buɗe shi a kan kaya. Nura ya ce ki sayo masa ƙwallo, na ce masa karatu za ki ba kasuwa ba. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sa waraka a hannunki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya yi miki albarka.

In kin zo hutu ki taho da hantar. Malam Shiru yana nan da rami a ciki, na rufe shi da zani. Ni idona ya yi rauni, hannuna kuma ya fara rawa, ba zan iya saita ta a kan alamar fensir ba. Zan ɗora ruwan, in riƙe miki shi. Ke za ki manna ta.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Ilu.